Sharhin faifai: 'Screenplaying' na Mark Knopfler, kiɗan da aka raba da fim ɗinsa

FAIFAI: Screenplaying
MAKAƊI: Mark Knopfler
KAMFANI: Vertigo da Warner Bros.
SHEKARA: 1993

Bari in fara da gargaɗi, don kada wani ya je ya nemo faifan nan ya dawo yana cewa na cuce shi. Idan aka ce "kiɗan fim", abin da ke fara zuwa zuciyar yawancinmu shi ne saurayi da budurwa a cikin lambu, ya yi baiti ta amsa, a canja kaya sau biyar kafin waƙa ta ƙare. To, babu wannan a nan. Kiɗa 18 ne a cikin faifan, tsawonsu ya haura awa guda, kuma daga farko har ƙarshe ba za ka ji an rera kalma ko ɗaya ba. Irin kiɗan nan ne da ke tafiya a ƙarƙashin hoto, wanda mai kallo ba ya ma lura da shi, sai dai ya ga idonsa ya ciko da ƙwalla bai san dalili ba. Tambayar da ta sa na ɗauki biro ita ce: idan aka cire hoton, aka bar kiɗan tsurarsa, me ya rage? Shin abin da ya rage ɗin yana faɗin gaskiya game da finafinan da aka ciro shi daga cikinsu?

Mark Knopfler dai ba baƙo ba ne ga wanda ya saurari kiɗan Turawa a shekarun 1980. An haife shi a Glasgow ta ƙasar Sikotlan a 1949, ya tashi a yankin Newcastle da ke arewacin Ingila. Kafin kiɗa ya ci da shi, ya taɓa aikin jarida a Yorkshire Evening Post, ya karanta Turanci a Jami'ar Leeds, ya kuma yi koyarwa. A 1977 ne shi da ƙanensa David da John Illsley da Pick Withers suka kafa ƙungiyar Dire Straits a Landan. Waƙarsu "Sultans of Swing" ta fito da su a 1978, faifansu Brothers in Arms na 1985 kuwa ya shiga sahun waɗanda aka fi saye a tarihin Birtaniya. Su ne ma aka sa a gaba a bikin cikar Nelson Mandela shekara 70 da aka yi a filin Wembley a 1988. Abin da ya bambanta shi da sauran makaɗan jita na zamaninsa shi ne ba ya amfani da ɗan ɓallin robar nan da ake karta tsirkiya da shi. Da yatsunsa yake tsinkar ta, shi ya sa sautinsa ke fita a tausashe, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai magana yana auna kalamansa. Bahago ne kuma, amma da dama yake kaɗawa.

Mutumin da ya saba tsayawa a gaban dubban jama'a, fitila na haska shi shi kaɗai, me ya kai shi aikin da ƙa'idarsa ta farko ita ce kada a lura da kai? A 1982, manajansa Ed Bicknell ya rubuta wa masu shirya finafinai cewa Knopfler na sha'awar yi wa fim kiɗa. Furodusa David Puttnam ya amsa. Daga nan aka samu Local Hero a 1983, sai Cal a 1984, sai The Princess Bride a 1987, sai Last Exit to Brooklyn a 1989. Waɗannan huɗun ne aka tsinto aka haɗa a Screenplaying, wanda ya fito a ƙarshen 1993, bayan Dire Straits ta gama doguwar tafiyarta ta ƙarshe a 1992. Akwai fim na biyar, Comfort and Joy na 1984, amma ba a sako ko ɗaya daga kiɗansa ba. Masu karatun littattafai su lura: uku daga cikin finafinan huɗu daga littafin ƙagaggen labari aka ciro su.

Ba a jera su bisa shekarun fitowarsu ba. An buɗe da Cal, aka bi da Brooklyn, sai Princess Bride, aka ajiye Local Hero a ƙarshe duk da shi ne ɗan fari. Wannan dabarar mai dafa abinci ce da ta san inda naman yake.

Cal labari ne mai nauyi. Bernard MacLaverty ya rubuta littafin a 1983, Pat O'Connor ya ba da umarnin fim ɗin. A Ailan ta Arewa ake, lokacin rikicin nan tsakanin masu son a haɗe da Jamhuriyar Ailan, galibinsu 'yan Katolika, da masu son a zauna a ƙarƙashin Birtaniya, galibinsu 'yan Furotesta, rikicin da ya ci rayuka fiye da 3,500 kafin yarjejeniyar 1998. Cal, wanda John Lynch ya fito a matsayinsa, saurayi ne ɗan Katolika mara aikin yi. Shi ya tuƙa motar da 'yan ƙungiyar IRA suka je da ita suka harbe wani ɗan sanda a ƙofar gidansa. Bayan wani lokaci sai ya ga matar mamacin, Marcella, tana aiki a laburaren garin, kuma Allah ya jarabce shi da son ta. Ita ba ta san ko shi wane ne ba. Har ya samu aiki a gonar surukanta, har ya zauna a wata bukka a gonar bayan an ƙone gidan da suke ciki shi da mahaifinsa. Helen Mirren ce ta fito a Marcella, kuma da wannan rawar ta ci kyautar jaruma a bikin finafinai na Cannes a Faransa a 1984.

A nan Knopfler ya yi abin da manyan taurari ba su cika yi ba: ya ja da baya ya ba 'yan gida wuri. Ya kira Paul Brady, mai busa 'yar sarewar ƙarfe ta mutanen Ailan, da Liam O'Flynn, gwanin wata irin algaita tasu mai salka, wadda ba da baki ake hura ta ba, da ɗan zugazugi ake ba ta iska, a maƙale a ƙarƙashin gwiwar hannu kamar na maƙeri. Saurari "Irish Boy", kiɗan da ya buɗe faifan. Jitar ba ta yin gaggawa, ba ta neman a tafa mata. Ta faɗi 'yar maganarta, sarewa ta karɓa. A "Father and Son", wato uba da ɗa, wanda ya kai wajen minti 7, algaitar ce ke kuka, jita na bin ta a baya kamar mai rakiyar gawa. Wanda ya ga fim ɗin zai tuna da Shamie, mahaifin Cal, ma'aikacin mayanka, wanda ya ƙi tashi daga unguwar 'yan Furotesta don taurin kai, ranar da aka ƙone gidan kuwa sai ya karye, ya zama abin tausayi. Wanda bai gani ba ma zai ji cewa wani abu ya lalace tsakanin mutum biyu da ba su iya faɗa wa juna komai ba. A ganina wannan ne kiɗa mafi zurfi a duk faifan, ko da yake ba shi ne ya fi suna ba.

Amma tun a nan matsalar faifan ta fara leƙowa. A ainihin faifan Cal na 1984 akwai kiɗa mai suna "Fear and Hatred", tsoro da ƙiyayya, akwai kuma "Love and Guilt", so da nauyin laifi. To ai fim ɗin ke nan gaba ɗaya! Yaron da ya taimaka aka kashe mijin mace, ya zo yana kwana a gonarsu, kullum zuciyarsa na dukan uku-uku, har ranar da 'yan sanda suka zo suka tafi da shi. Duka biyun an bar su a waje. Abin da aka zaɓo shi ne "Irish Boy" da "Irish Love" da "Father and Son" da "Potato Picking", wato tsintar dankali, da "The Long Road". Idan ka ji su a jere ba ka san labarin ba, sai ka rantse fim ne na wani manomi da ya yi aure a ƙauye ya zauna lafiya. Ƙasar Ailan ɗin da ke cikin wannan zaɓin koriya ce shar, babu shingen soja, babu ƙaurin gidan da aka cinna wa wuta.

Wannan laifin ya fi fitowa fili a kashi na biyu. Ni kaina na fara jin "A Love Idea" ne shekaru kafin in ga Last Exit to Brooklyn, kuma wallahi abin da na zana a raina shi ne wani labarin soyayya mai sanyi, irin wanda masoya ke rabuwa a tashar jirgin ƙasa. Goge ne irin na Turawa yake jan kiɗan, fiyano na tallafa masa, minti uku kacal, amma sai ka maimaita shi sau goma. Ranar da na ga fim ɗin sai da na kasa cin abinci.

Littafin na Hubert Selby Jr. ne, ya fito a 1964, kuma saboda tsananin abin da ke cikinsa sai da aka gurfanar da masu buga shi a kotu a Ingila a 1967, aka same su da laifin yaɗa batsa, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 1968. Darakta Uli Edel, Bajamushe, shi ya mai da shi fim. Unguwar ma'aikata ce a Brooklyn ta birnin New York a 1952, ana cikin dogon yajin aiki. 'Yan daba na dukan sojoji su kwashe musu kuɗi, shugaban 'yan yajin aiki na cin kuɗin ƙungiya yana dukan matarsa, ga kuma Tralala, karuwar da Jennifer Jason Leigh ta fito a matsayinta, wadda abin da aka yi mata a ƙarshen fim ɗin ba zai faɗu a wannan shafi ba. Ba fim ba ne da za a kunna a falo gaban iyali, kuma ban ce kowa ya nema ba.

A cikin fim ɗin, taushin kiɗan yana da aiki. Darakta ya nuna maka mutane sun koma dabbobi, sai kiɗan ya zo ya tuna maka cewa su ma 'yan Adam ne, uwa ce ta haife su. Zaƙin yana da ma'ana ne saboda ɗacin da ke kewaye da shi. A Screenplaying an tsame zaƙin an zubar da ɗacin. Kiɗa uku aka ɗauko: "A Love Idea" da "Victims" da na rufewa. An bar "Riot", wato tarzoma, an bar "As Low as It Gets", wanda sunansa ma ke nufin an kai ƙarshen ƙasƙanci. Sai abin ya zama kamar a ba ka zuma a ce maka ga maganin zazzaɓi, alhali an cire maɗacin da aka so zumar ta taimaka maka ka haɗiye. Daɗi kam akwai, amma ba abin da likita ya rubuta ba ke nan.

Wani abin lura a wannan kashi shi ne jitar kusan ba a jin ta. Guy Fletcher, abokin aikinsa da ya fara tafiya da shi tun daga Cal, shi ya kaɗa yawancin abin da ke ciki a kan na'ura. Wanda ya sayi faifan don ya ji yatsun Knopfler zai yi minti goma sha wani abu yana jira. Ni ban ɗauki wannan aibi ba. Mutum ya ajiye makamin da duniya ta san shi da shi don labarin bai buƙace shi ba, wannan ai sanin ya kamata ne.

Inda na ga aibi na gaske shi ne The Princess Bride. Fim ne da mutane da yawa ke ƙauna, ni ma ina cikinsu. William Goldman ya rubuta littafin a 1973, shi ya kuma rubuta fim ɗin, Rob Reiner ya ba da umarni. Wani kaka ne, Peter Falk, ya zo duba jikansa mara lafiya, ya zauna yana karanta masa tatsuniya: kyakkyawar Buttercup da yaron gona Westley, da mugun yarima, da ƙaton nan André the Giant, da Inigo Montoya mai takobi wanda ya shekara ashirin yana neman mutum mai yatsu shida da ya kashe masa uba. Bai yi wata kasuwar a zo a gani ba a gidajen silima, kaset ɗin bidiyo ne ya raya shi daga baya har ya zama abin da ya zama. Akwai ma wani ɗan labari mai ban dariya: Knopfler ya ce ba zai yi kiɗan ba sai an sa hular da Reiner ya saka a fim ɗinsa This Is Spinal Tap a wani wuri cikin sabon fim ɗin. Reiner ya sa aka rataye irinta a ɗakin yaron. Daga baya Knopfler ya ce shi wasa yake yi.

Fim mai takubba da dawakai da fadar sarki yana son babbar tawagar makaɗa, masu goge da masu kakaki da masu tambari, mutum sittin ko saba'in a ɗaki guda. Abin da aka yi a nan shi ne aka sa na'ura ta kwaikwayi dukansu. A 1987 wannan sabon yayi ne, ana ganinsa ci gaba. Yau idan ka saurari "Guide My Sword", inda Inigo ke roƙon ruhin mahaifinsa ya yi wa takobinsa jagora, za ka ji gogen roba da kakakin roba. Wannan ciwo ne da mu ma muka sani, domin mun ga yadda fiyanon Yamaha ya zo ya zama shi ne kalangu, shi ne sarewa, shi ne algaita a finafinanmu, kuma mun ga yadda wasu kaɗe-kaɗen da aka yi da shi suka tsufa tun kafin masu su su yi furfura. Na'ura tana da shekarar haihuwa, kunne kuma yana gane ta. Algaitar O'Flynn da aka ɗauka a 1984 tana nan kamar jiya aka busa ta, amma sautin da aka ƙera bayanta da shekara uku ya riga ya yi tsatsa.

Masu kare shi suna da hujja, kuma ba zan ɓoye ta ba. Sun ce ai fim ɗin kansa wasa yake da tatsuniya, duwatsunsa na kwali ne, manyan ɓerayensa mutane ne a cikin riga, don haka kiɗan roba ya dace da duniyar roba. Na yarda, a cikin fim ɗin. Amma a faifai babu Peter Falk da zai ɗaga gira ya nuna maka wasa ake yi. Kai da sautin ne kawai. Abin da ya tsira a kashin nan shi ne inda jitar katako ta fito ita kaɗai, kamar a kiɗan farko, "Once Upon a Time... Storybook Love", da kuma "The Friends' Song". A nan kam ka ji mutum, ka ji yatsa a kan tsirkiya. Kuma a nan ma an sake yin irin zaɓin da aka yi a baya: an bar "The Swordfight", an bar "Revenge". Fim ɗin da kowa ke tunawa da shi saboda ramuwar gayya, an cire masa ramuwar.

Wani abin mamaki, waƙar da ta fi kowace suna a fim ɗin, wadda Willy DeVille ya rubuta ya kuma rera, har ta shiga takarar Oscar ta sha kaye a hannun waƙar fim ɗin Dirty Dancing, ba ta cikin faifan da muryarsa. Haka ma wadda Gerry Rafferty ya rera a Local Hero. An yanke shawara babu murya, aka tsaya a kai. Wannan na yaba.

Sai mu zo kan naman. Local Hero fim ne na Bill Forsyth, kuma idan mai karatu zai nemi ɗaya daga cikin huɗun nan ya kalla, to wannan ne. Wani kamfanin mai na birnin Houston a Amurka, Knox Oil and Gas, yana son ya saye wani ƙauyen masunta a gaɓar tekun Sikotlan gaba ɗayansa, ya rushe ya gina matatar mai. Aka tura wani matashin ma'aikaci, Mac, wanda Peter Riegert ya fito a matsayinsa, ya je ya yi ciniki. Abin da ya sa labarin ya fi ƙarfin a kira shi wa'azi shi ne mutanen ƙauyen ba su ƙi ba. Murna suke yi a ɓoye, kowa na lissafin irin motar da zai saya, suna dai nuna jan aji ne don farashi ya tashi. Shi baƙon da ya zo saye ne ya kamu da son wurin. Ya daina sa taye, ya daina aske gemu, agogonsa mai ƙara ya bar shi a bakin ruwa teku ta cinye, ya koma tsintar kwanson kifi. Mai kamfanin kuma, Felix Happer, wanda tsohon jarumi Burt Lancaster ya fito a matsayinsa, hankalinsa duk yana kan taurari, kullum so yake Mac ya shiga 'yar jar rumfar tarho da ke bakin gaɓa ya kira shi ya faɗa masa abin da ya gani a sama. Cinikin ya cije ne a kan wani tsoho, Ben, mai kwana a bukka a bakin teku, wanda ashe shi ne mai rairayin gaɓar kaf, kuma ya ce ba ya sayarwa.

A ƙarshe ƙauyen ya tsira, amma an sallami Mac ya koma Houston. Ya shiga ɗakinsa a saman bene, ya zazzage kwansunan da ke aljihunsa, ya manna hotuna a bango, ya fita baranda yana kallon fitilun birni da jiniyar motoci. Sai a yanke a nuna ƙauyen daga nesa, ga jar rumfar tarho, tarho na ta ƙara babu mai ɗauka. A daidai nan "Going Home" ke tashi.

Ka ga, sunan kiɗan "komawa gida", amma mutumin da aka yi wa shi ya koma gidan ne ya tarar ba nan ne gidansa ba. Duk wanda ya taɓa zama a wani gari har ya saba, aka ce masa tashi, ya san wannan ciwon. Hausawa suna da kalmar da ta dace da abin da Knopfler ya yi a nan: take. Kamar yadda ake yi wa sarki ko ɗan dambe take, da an kaɗa ka san wa ake nufi, haka ya yi wa ƙauyen nan take guda, ya yi ta juya shi. A "Wild Theme" jitar katako ce ke faɗinsa a hankali, kamar mutum na magana da kansa da asuba. A "Going Home" sai ganguna su shigo, Michael Brecker ya ɗauke shi da kakakin saksafon, jitar lantarki ta karɓe, abin da ya fara da raɗa ya koma shela. Karin bai canja ba, zuciyar mai ji ce aka zagaya da ita. Tsakaninsu akwai "Boomtown", mai ƙamshin kiɗan jaz na manyan birane, da "Smooching" na rawar dare, da "The Mist Covered Mountains", wanda ba ƙirƙirarsa ba ne, tsohon karin mutanen tsaunukan Sikotlan ne ya gyara. Ka sa shi kusa da nasa, da wuya ka gane wanne ne tsohon. Ban san yabon da ya fi wannan ba ga mai ƙirƙirar kari.

A nan ne kaɗai faifan bai yi wa fim ƙarya ba, don babu jinin da za a goge. Abin da ke cikin fim ɗin shi ne ke cikin kiɗan. Kuma a nan ne na gane abin da ya haɗa kashi huɗun, wanda shi ne ƙarfin Knopfler kuma shi ne iyakarsa. Harshe ɗaya yake ji sosai, harshen kewa: kewar gida, kewar uba, kewar abin da ya wuce ba zai dawo ba. Idan fim ya zo masa da wannan, kamar Local Hero da rabin Cal, ba ka da abin cewa. Idan fim ya zo da tsoro ko dariya ko ƙazanta, yakan yi aikin, ya biya buƙatar darakta, amma da aka zo tara abin da za a sa sunansa a kai, sai aka koma aka tsinto wuraren kewar kaɗai. Sakamakon haka finafinai huɗu da ba abin da ya haɗa su, na barkwanci da na kisan kai da na tatsuniya da na 'yan daba, duk sun fito da fuska ɗaya kamar 'ya'yan mutum guda. Wanda zai rubuta tarihin aikinsa daga wannan faifan zai ce mutumin bai taɓa kaɗa abin da zai tayar da hankali ba, kuma ba haka ba ne.

Shin in saya ko kada in saya? Idan abin da kake so shi ne abin saurare da dare, ko lokacin da kake karatu, ko a doguwar tafiya a mota, faifan nan zai yi maka, kuma zai daɗe bai gundure ka ba in ka tsallake biyu ko uku na tsakiya. Idan kuwa kai mai shirya fim ne ko mai kiɗa a situdiyo, kana son ka koyi yadda ake ɗinka sauti a jikin hoto, to wannan ba makaranta ba ce, don an ɓoye maka rabin darasin. Nemi cikakkun faifan Cal da Local Hero, ka kalli finafinan, ka lura da wuraren da ya yi shiru. A Cal akwai dogayen fitowa da babu kiɗa ko kaɗan, sai ƙarar ruwan sama da takun mutum, kuma shirun ne ke sa idan sarewa ta shigo ka ji ta har ƙashi.

Bayan Screenplaying bai daina ba. Ya yi wa Wag the Dog da Metroland kiɗa, dukansu finafinan 1997, ya yi wa A Shot at Glory, sannan Altamira a 2016 tare da makaɗiya Evelyn Glennie. Babu ɗayansu da ya kamo ƙafar ɗan farin. "Going Home" ya riga ya bar fim ɗinsa ya shiga duniya: da shi Dire Straits ta rufe faifanta na wasan dandali, Alchemy, a 1984, kuma ya zama taken ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Newcastle United, ana sa shi a filin St James' Park lokacin da 'yan wasa ke fitowa. A 2024 Knopfler ya tara makaɗa fiye da 60, har da Eric Clapton da Bruce Springsteen da marigayi Jeff Beck, wanda ya ɗauki nasa kashin kafin rasuwarsa a 2023, suka sake kaɗa shi na tsawon minti 9 don tara wa matasa masu fama da ciwon daji kuɗi. Na saurara, kuma don niyyar da aka yi shi ba zan kushe ba. Amma jita sittin a kan karin da aka yi wa mutum ɗaya tsaye a baranda ya yi yawa. Da ya ƙare sai na koma na kunna "Wild Theme".